Layin Toka na Sha Uku

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Malam Genroku ya ba Segawa shebur.

Na sa shi a layin farko don kada in yi ta kewaye-kewaye har takarda ta ƙare. Shekara talatin da ɗaya ina bayan tsohon nan. Tun idonsa na gani nake ɗaukar masa kaya zuwa filin gwaji, da idon ya mutu na koma ɗaukar shi kansa. Duk garin Shirabuchi ba wanda bai san cewa ranar da zai aje aikin duba dusar ƙanƙara ni zai miƙa wa ba. Mai shebur shi ke haƙa rami kowace safiya, shi ke juya allon da ke bakin hanyar Dutsen Nagusa: fari a hau, ja a zauna gida don ƙanƙara na iya zaftarowa. Yau a gaban dattawan gari ya lalubo, ya tsallake hannuna, ya sa shebur a hannun mutumin da ya sauko daga jirgin Tokyo shekara shida da suka wuce, da tabarau da ma'aunin sanyi a aljihu.

Kafin miƙawa an yi ƙirga kamar yadda aka saba. Na goya Malam zuwa fili, ƙanƙara na sauka a kanmu, Segawa ya haƙa har ƙasa. Duk saukar ƙanƙarar da ta tsaya, wa ke hawa da gwangwani da rariya ya yayyafa tokar murhu a kanta? Ni. Don in an yanka bangon rami a ga baƙin layi tsakanin wannan sauka da waccan, a san inda za a buga a ji ko sun kama juna. Malam kuma a ɗakinsa yana ƙulla ƙulli ɗaya a igiya duk sauka. Layi goma sha biyu, ƙulli goma sha biyu. Ba wanda ya ce sannu, Tokuji.

Malam cewa kawai ya yi, "Toku, kai ka ci gaba da tokarka."

Tokata! Sai ka ce mai sharar murhu.

Segawa ya rusuna min har hularsa ta faɗi. "Yaya Toku, da kai zan dogara." Ladabin nan nasa ya fi komai ba ni haushi.

Matata Fusae ta ce, "Ka ci abinci, Maigida. Shebur dai shebur ne, akwai guda biyu a rumfa." Ban ci ba.

Juma'a, 24 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe

Ƙanƙara ta tsaya da asuba. Sama garau. Gwiwata na ciwo.

Asabar, 25 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wurin wankan gari don in jiƙa gwiwa, sai na tarar da taro. Kanbei, shugaban ƙungiyar gari, yana cikin ruwan zafi har wuya, tawul a ka.

"A'a, ga uban toka! Toku, ashe haka aka yi maka? Ka yi noma, wani ya zo da buhu?"

Na ce, "Matsa, tsoho, ka cinye rabin ruwan da tumbinka."

Suka yi dariya, suka koma kan zancensu. Wai yaron nan Segawa na da gilashin da yake ganin ƙwayar ƙanƙara ɗaya-ɗaya. Wai baƙi sun fi yarda da allo tun da suka ji mai ilimi ke juya shi. Wai Malam "Nao" yake kiran sa, kamar ɗan da ya haifa. Ni sai da na yi shekara goma kafin ya daina ce min "kai, wancan".

Kwana biyu ke nan ba gajimare, sanyi kamar ya tsaga haƙori. Ban hau fili ba.

Lahadi, 26 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Na hau.

Fili na ta walƙiya. Raɓa ta daskare a kan ƙanƙarar, ƙwaya-ƙwaya, ka sa hannu ta zube kamar sukari. Sunan da Malam ke kiran ta ke nan, sukari. Tun ina saurayi ya sa na ɗanɗana ta, ya ce in ta kwanta a sama wata ƙanƙarar ta rufe ta, to dutse ya shimfiɗa tabarma a kan tsakuwa, kowa ya taka sai ya tafi da shi.

Na daɗe a tsaye. Mai gilashi ai ba ya buƙatar mai sharar murhu ya nuna masa sukari.

Da na dawo Fusae ta karɓi gwangwani ta ce yau da nauyi. Na ce ke ce kika tsufa.

Litinin, 27 ga Janairu, azahar

Ta fara sauka. Manya-manya, ba iska.

Juma'a, 31 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Kwana huɗu ta yi, ta fi tsayin ƙirjina. Ta tsaya, na hau, na zuba toka. Na zuba da yawa.

Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Segawa ya zo har gida da burodin matarsa mai zafi. Yurika ta iya burodi, wannan ba zan hana ta ba. Ya tsaya a ƙofa yana kakkaɓe takalmi, shebur ɗin Malam a kafaɗa, sai ka ce ba zai iya barin sa a gida ba.

Ya ce ya haƙa jiya da yau, ya sauka layi uku, ya buga kowanne, duk sun riƙe gam. Gobe yana da baƙi biyu daga Osaka da za su bi ta Kwazazzabon Biri, shi zai kai su.

"Abu ɗaya ne ya tsaya min, Yaya Toku. Saukar nan ta ƙarshe ta yi kauri fiye da yadda na zata. Tokar ta cika kuwa?"

Na ce, "Ka taɓa ganin na yi fashi?"

Ya yi ja har kunne. "Haba, Yaya, ka yafe min. Ban da kunya." Ya rusuna ya tafi.

Tambaya na yi masa. Ban ce masa komai ba. In shi ne mai shebur, ya nemo da kansa. Ƙarshenta ƙanƙara ta ɗan zame a gabansu, ya juyo da baƙinsa kunya ta ishe shi, gari ya gane bambancin karatu da sanin dutse.

Burodin na kan tebur.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na yamma

Kwazazzabon Biri ya zaftare da ƙarfe goma da rabi. Daga nan tsakar gida muka ji.

Allo fari ne.

Mun ciro baƙin biyu da rai. Ɗaya ƙafarsa ba za ta moru ba. Segawa ba mu gan shi ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Mutum ashirin da huɗu a jere, kafaɗa da kafaɗa, kowa da doguwar sandar ƙarfe. Caka, zare, taku ɗaya. Caka, zare, taku ɗaya. Ni ke ba da murya, don ba wanda ya fi ni sanin kwazazzabon. Ba wanda ya tsaya tambayar wa zai ja gaba, duk ni suka kalla.

Mun sami tabaransa.

Laraba, 5 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Caka, zare, taku ɗaya.

Na biya wurin Malam. Kwana uku bai ci ba. Yurika ta dawo masa da shebur, ashe Segawa bai hau da shi ba, ya ce na gado ne, ba na yawo ba. Tsohon ya ɗora shi a cinya yana shafa ƙotar.

Na ce, "Malam, ni ne."

"Kun same shi?"

"A'a. Na kawo miya, Fusae ta ce ka sha da zafi."

"Sanyi yake ji, Toku. Nao ba ya jure sanyi, ɗan birni ne."

Yatsun ƙafata biyu sun yi fari tun jiya. Bai tambaya ba. Shekarar da ƙanƙara ta binne ni har wuya a bayan rumfar gwaji, da ya tono ni, mari na fara sha kafin ruwan zafi. Na tsaya ina kallon yadda yake shafa icen nan, na ji ina ƙyashin mutumin da ke ƙarƙashin ƙanƙara. Na rubuta, ga shi nan. Ba mai karantawa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, azahar

Ta sake sauka, 'yan sanda sun tsai da nema. Sai bazara in ta narke. Ni ke juya allo na wucin gadi. Ja na bar shi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Wurin wanka. Bakin gari ya juya, kuma bakunan nan ne dai na ranar Asabar ɗin can.

Kanbei ya ce, "Ni tun farko ban natsu da yaron nan ba. Dutse da gilashi? Toku, kai da ka ga sama ka san abin da za ta yi, da kai ne da ka kafa fari?"

Na ce, "Da ni ne, da ban kafa ba."

Gaskiya na faɗa.

"Kun ji ko! Tsufa ne ya ruɗi Malam. Ga ɗan gida a tsaye, ka ɗauko baƙo."

Wani ya matsa min wuri kusa da bakin ruwan, inda ya fi zafi. Shekara talatin da ɗaya nake jiran wannan maganar. Ta yi daɗi. Ba zan ce ba ta yi ba. Da na fito na yi amai a bayan rumfar itace.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Jiya ta sauka, yau na zuba toka, na sauko na tarar da Yurika a ɗakinmu da kwandon burodi. Fusae ta ce mutane sun daina shiga shagon Yurika. Ba wanda ya zage ta, kawai kowa ya tuna yana son shinkafa. Ita kuwa ba ta daina gasawa ba, ta ce in ta bar murhu ya mutu ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba.

Yurika ta rusuna min. "Yaya Toku, na gode da neman da ka yi. An ce kai ne na ƙarshen saukowa kullum."

Na ce ba komai.

"Ka san yana kishinka?"

Na ce wa?

"Nao mana. Ranar da aka ba shi shebur bai yi murna ba. Ya ce, Malam ya ba ni shebur amma ko taɓa gwangwanin bai taɓa bari na yi ba. Sau biyu yana roƙo a koya masa zuba toka, Malam ya ce wannan ba naka ba ne." Ta yi ɗan murmushi. "Har kwaikwayon tafiyarka yake yi a tsakar gida."

Maganar mata ce, tana so ta faranta min. Wa zai yi kishin toka?

Fusae ta yi ta goge tebur ɗin da ba shi da datti.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Na hau fili da gwangwani duk da ba abin da ya sauka. Na tafi da guntun gora mai rami, ban san abin da nake tunani ba. Na tsaya a tsakiyar fili. Ba a zuba toka a ƙarƙashin ƙanƙarar da ta fi mutum tsayi.

Litinin, 17 ga Fabrairu, safe

Toka. Allo ja.

Talata, 18 ga Fabrairu, yamma

Da Segawa yana da ido irin na Malam na da, da ya ga sukarin ko ba layi. Da ya sa hannu tsakanin layi da layi. Ni ina sa hannu. Me aka koya musu a jami'ar?

Tambaya na yi masa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Kanbei ya zo da takarda. Dangin wanda ya rasa ƙafa suna son gari ya rubuta yadda aka yi. An rubuta cewa Segawa Naoyuki ya kafa farin allo ba tare da ya gwada ƙanƙara yadda ya kamata ba. Saura hatimina, don ni ne na biyu a aikin.

"Ran biyu ga watan gobe za a taru. Ka buga hatimi, Malam ya miƙa maka shebur, a rufe zancen. Sai maganar dutsen suna."

Dutsen da ke bakin hanya yake nufi, wanda aka sassaƙa sunayen masu shebur tun kakanni. Bakwai ne, Genroku na ƙarshe.

Kanbei ya ce, "Segawa kwana goma ya yi da shebur, ya kashe kansa, ya nakasa baƙo. Ba za mu sa shi ba. Daga Genroku sai Tokuji, yadda ya kamata tun farko. Ko kana da ja?"

Na ce zan duba.

"Duba me? Kai dai ka wanke hatimi."

Da ya tafi na je na tsaya gaban dutsen. Na san wurin da ke ƙarƙashin sunan Malam kamar tafin hannuna. Tun ina da baƙin gashi nake auna shi da ido, in ga ko sunana zai shiga. Zai shiga.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Fusae na durƙushe gaban murhu tana tankaɗe toka a gwangwani, ta ba ni baya.

"Maigida."

"Mene ne?"

"Ni ke cika gwangwanin nan tun da aka kawo ni gidan nan. Na san nauyinsa in ya tafi, na san nauyinsa in ya dawo."

Na ce, "To?"

"To shi ke nan."

"Kin faɗa wa wani?"

Ta juyo ta dube ni kamar ta ga baƙo. "Abin da za ka tambaye ni ke nan?"

Ta rufe gwangwani ta miƙo min. Tun ranar da abin ya faru kullum sai ta je shagon Yurika ta sayo burodi biyu. Ya taru a kwando, ba mai ci.

Laraba, 26 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Jiya ta sauka, na zuba.

Kanbei ya so a yafe ƙirga wannan karon, ya ce ba a daɗe da yi ba, kuma wa ke da ƙarfin hawa. Malam ya buga ƙasa da ƙotar shebur.

"Ba ƙirga, ba shebur. Ku zauna da tumbinku. Toku zai goya ni ran Asabar, mu biyu mun isa. Shi ya kira layi, ni in ja ƙulli."

Igiyar na rataye a taga. Na ƙirga da ido tun daga ƙofa. Goma sha tara.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, la'asar

Malam ba ya gani. Abin da na kira shi zai ji. Ba kowa a filin sai hankaki.

Sha tara. Na faɗa a rumfa sau uku, muryata ba ta yi rawa ba.

Asabar, 1 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Malam ba nauyi a bayana, kamar damin kara. Shebur a hannuna, igiya a wuyansa. Na zaunar da shi a kan buhu, na lulluɓe shi, na fara haƙa. Yau ne karo na farko da na haƙa da shebur ɗin nan. Ƙotar ta lotsa daidai yatsunsa, ba daidai nawa ba.

Na kai ƙasa da hantsi. Na share bango sumul. Layukan na nan baƙi-baƙi, kyawawa, ba karkata. Aikina ne, ba mai yin sa kamar ni.

"Fara daga ƙasa," in ji shi.

Ɗaya. Ya ja ƙulli. Biyu. Ya ja. Muka tafi haka har sha biyu.

Sama da na sha biyu fari ne zalla, tun daga cibiyata har ya wuce kaina, kafin wani layin. A cikin farin nan, taƙi biyu sama da layin, in ka san inda za ka duba, akwai wani siririn wuri da haske ke shiga daban. Ba sai na nema ba.

"Toku? Ka yi shiru."

Abin da zan ce kawai shi ne sha uku. Ya ja ƙulli, mu wuce, gobe in buga hatimi. Na buɗe baki. Yana zaune can bakin rami, fararen idanunsa na kallon gefena, babban yatsansa a kan ƙullin yana jira. Ko kokwanto babu a fuskarsa. Haka Segawa ya tsaya a ƙofata.

Na hau, na sauko da shi cikin ramin, na cire masa safar hannu, na kama hannunsa na tura a wurin. Ya shige har wuyan hannu. Ta zubo masa ta hannun riga, tana ƙara kamar yashi.

Ya murza, ya kai baki.

"Sukari."

"Sukari ne, Malam."

"Wane layi ne wannan?"

"Nan na sha uku zai zauna."

Ya shafa bangon sama da ƙasa, kamar toka aba ce da ake ji da hannu. "Ina tokar?"

"Na dawo da ita gida."

"Mantuwa?"

Ya buɗe min ƙofa, na gani. Na ce, "A'a. Na hau, na ga sukarin, na sauko. Ya zo ya tambaye ni ko toka ta cika, na bar shi ya tafi."

Na sunkuyar da kai ina jiran marin. Na rantse na so ya zo.

A hankali ya yi magana. "Shebur ido yake so, nawa ya mutu, naka ya fara, nasa sabo ne. Kuma mai shebur duk gari na kallon sa, ko malalaci ne dole ya haƙa. Toka fa? In ka zuba ba mai gani, in ba ka zuba ba ba mai gani. Ubana bai ba ni gwangwani ba sai da na yi shekara ashirin da shebur. Ni na ba ka kana da ashirin da biyar a duniya. Wa zan ba in ba kai ba?"

Na ce, "Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Ban taɓa ba," in ji shi. "Na zaci ka sani."

Dole na goya shi mu sauka, ba wani mai goyon. A rabin hanya na ji wuyana ya jiƙe, yana cewa Nao, Nao, ƙasa-ƙasa. Ko a lokacin, ko bayan duk wannan, na so a ce sunana ne.

Lahadi, 2 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na je taro da gwangwani maimakon hatimi. Na aje shi a kan takardar Kanbei, na faɗi abin da na faɗa wa Malam, ban rage ba. Na ce ramin na nan buɗe, duk mai ƙafa ya hau ya ƙirga. Layi sha takwas, ƙulli sha tara. Na ce Segawa ya buga duk layin da na ba shi, ya kuma zo har gida ya tambaya.

Kanbei ya ce, "Toku, ka san abin da kake faɗa? Ka sha wani abu ne?"

Na ce ko shayi ban sha ba.

Ba wanda ya ɗaga murya. Da sun yi ihu da ya fi. Kanbei ya zare takardar daga ƙarƙashin gwangwani ya ninke ta huɗu. Ya ce gobe za a rubuta wata, kuma 'yan sanda za su so ji daga bakina. Malam ya ce a kira mai sassaƙa, sunan Segawa zai hau dutse ƙarƙashin nasa. Shebur kuma ya koma da shi gida.

Yurika na can baya kusa da Fusae. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta fita, ta bar ƙofa a buɗe. Ni ma na fita, na bar gwangwanin a kan tebur.

Litinin, 3 ga Maris, azahar

Tana sauka. Ba wanda ya zo.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Ta tsaya da asuba. Ina zaune da takalmi a ƙafa, ban san ko ina da izinin hawa ba, sai aka buga ƙofa.

Yurika ce, gwangwanin a hannunta. Ba ta rusuna ba, ba ta ce Yaya ba.

"Tokar murhuna ce. Ba yafe maka na yi ba, kada ka ɗauka haka."

Na ce na sani.

"In ɗumi ya zo mutum ashirin za su shiga kwazazzabon nan su nemo min shi. Ba na so a ƙara binne kowa. Ba wanda ya iya wannan abin sai kai, shi ma haka ya ce. Ka hau."

Na hau. Na fara cike ramin, na daidaita wurin, sannan na zuba. Tokarta ta fi tamu haske, sai da na bi sau biyu kafin ta fito sosai.

A hanyar dawowa na wuce mai sassaƙa yana auna wurin da ke ƙarƙashin sunan Malam. Ya ce sunan ya ɗan yi tsawo, amma zai shiga. Na riƙe masa igiyar awo.

Fusae ta karɓi gwangwani a ƙofa, ta ɗaga shi, ta jijjiga. Sannan ta zuba min miya.